Kwabon Yen Goma

Shekara arba'in da ɗaya ina bugun ƙarfe a Sakai,
gefen layin dogo, bayan shagon mai taliya.
Na san ƙarfe kamar yunwar cikina.
In ya sha duka sai ya lotsa,
ya nuna maka inda ke masa ciwo,
ya naɗe kamar tabarma,
ya shanye bugun da ya nufo ƙirjinka.

Wata Talata, ana yayyafi, Shunpei ya shigo
ɗauke da bonet na zaren kabon,
baƙi wuluk, saƙarsa kamar bayan kumurci,
yana sheƙi har na hango furfurata a ciki.
Da hannu ɗaya ya ɗaga shi yana dariya:
"Kuwabara-san, kilo huɗu kacal! Rabin kuɗi na biya."
Na ce, yaro, araha ba ta ado.

Na laluba aljihu na zaro kwabon yen goma,
na bi bonet ɗin taƙi bayan taƙi.
Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.
Da na iso gindin maƙulli
sai amon ya mutu, dum,
kamar an buga tulun da ya tsage.
Can ciki zare da danƙo sun raba gari,
fuska kuwa ko gezau.

Na ce masa wannan abu bai iya sunkuyawa ba.
Haƙuri yake yi shiru, shiru,
ranar da ya gaji sai ya tarwatse kamar tangaran,
kowane ɓallinsa allura.

Ya ce ai shi motocin tsere ke sawa.
Na ce nasu a tanda aka gasa shi,
an lissafa kwanciyar kowane zare,
direban na cikin keji, kansa da kwano.
Kuma a filin tsere
babu tsohuwa mai lema da ke tsallaka titi,
babu 'yan makaranta masu hula ruwan ɗorawa.
Kan da ya faɗo a bonet
yana neman abin da zai sassauta masa.

To bari in huda, in kafa maka fil biyu.
Ya ce zan ɓata masa kyau.
Kyan ɗan maciji, na ce a raina.
Na mayar da kwabona aljihu.
Shi da abokansa suka ɗaura a ƙarƙashin gada
da hasken waya.

Kwana goma sha bakwai.
A babbar hanyar Kobe, tsakar dare,
iska ta samu ƙofa.
Maƙulli ya fita da naman da ke riƙe da shi,
bonet ya miƙe tsaye ya mari gilashi,
duniya ta zama baƙar saƙa.
Da kai a waje, ta taga, ya lallaɓa gefen hanya.
Mai babbar motar kifi da ke bayansa
ta bar rabin tayoyinta a kwalta.

Da safe ga shi bakin ƙofa, babu dariya,
tafin hannunsa cike da baƙin tsartse,
don shi ya tsince ɓaraguzan da kansa.
'Yata Chizuru ta zaunar da shi ƙarƙashin fitila
tana cirewa da hantsaki, ɗaya, ɗaya,
tana jerawa a murfin gwangwanin fenti.
Tara ta ƙirga. Na goma ya ƙi fita.

Ban ce na faɗa maka ba.
Na shiga bayan tarin tayoyi
na jawo tsohon bonet ɗinsa na ƙarfe,
mai nauyi, mai tabon tsatsa a kusurwar hagu,
wanda ya ce in sayar wa masu awo.

Muna ɗaure noti na ƙarshe
ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba,
"Wannan kwabon, kana da wani?"
Na ba shi.
Yana can yanzu a tsakar gareji, ya durƙusa,
kunne manne da ƙofar motar wani,
yana koyon saurare.